Malam Aminu Kano da Abin da Ya Bari a Gidan Mambayya

A unguwar Gwammaja ta birnin Kano akwai wani gida da ake kira Mambayya. A nan Malam Aminu Kano ya zauna, a nan kuma kabarinsa yake. Jami'ar Bayero ce ke kula da gidan a yau, ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, aka keɓe wani sashe domin adana kayan marigayin: tufafinsa, da littattafansa, da hotunan gwagwarmayarsa. Abin da ke fara ba mai ziyara mamaki shi ne ƙarancin kayan, ga mutumin da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na tsawon shekaru.

An haife shi a shekarar 1920 a gidan malamai na zuriyar Genawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Bayan karatun allo da na boko, ya kammala Kwalejin Kaduna a 1942, ya koyar a Bauchi, sannan ya ƙaro ilimi a Landan. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru, ya rungumi siyasa a jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953.

Gwagwarmayarsa ta tsaya ne a kan talakawa. Ya yi adawa da aikin tilas, da zaluncin masu karɓar haraji, da shari'ar son rai. An daki magoya bayansa, an ɗaure da dama daga cikinsu, amma bai yarda a mayar da martani da makami ba, kuma a nan ana ganin tasirin Gandhi a tunaninsa. Ya dage kan ilimin mata da haƙƙinsu na jefa ƙuri'a tun lokacin da faɗin haka ke jawo tsangwama. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a jihohin Kano da Kaduna, inda aka soke haraji da jangali.

Ga ɗalibin harshe, gadonsa mafi girma yana cikin kalmomi. A bakin 'yan NEPU, kalmar "talaka" ta tashi daga sunan wanda ake mulka ta koma sunan mai haƙƙi. "Sawaba", wadda ma'anarta ta asali sauƙi ce bayan wahala, ta zama taken neman 'yanci. Kalmar ba ta tsaya a kan iyaka ba, domin ita ce sunan da jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka a Nijar, jam'iyyar da ta samu gindin zama a Damagaram kafin a haramta ta a 1959. Ya kuma yi rubutu da Hausa, kamar Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata, ya gabatar da tafsiri a watan azumi.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. An sa sunansa ga filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa na birnin. Sai dai kayan da ke Mambayya sun fi waɗannan gine-gine bayyana halinsa, domin su ne shaidar cewa abin da ya yi wa'azi a kai shi ne ya aikata. Wannan ne ma'aunin da mutanen ƙasar Hausa ke ɗora masu mulki a kai har yau. Allah ya jiƙansa da rahama.