Taƙaitaccen Tarihin Victor Herbert, Wanda Ya Ƙwato wa Masu Tsara Kiɗa Haƙƙinsu

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Victor Herbert a shekarar 1859, ya kuma tashi a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, inda ya koyi kiɗan babbar gogen Turawa da ake kira celo. A shekarar 1886 ya yi ƙaura zuwa Amurka tare da matarsa, wadda mawaƙiya ce. Ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta birnin Pittsburgh daga 1898 zuwa 1904, sannan ya shahara wajen tsara wasannin kwaikwayo masu waƙa.

Gwagwarmayarsa

A wancan zamani otal-otal da gidajen abinci kan ɗauki makaɗa su riƙa buga kiɗan wasu don jawo masu ciniki, amma wanda ya tsara kiɗan ko sisi ba ya samu. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa Herbert da abokan sana'arsa suka kafa ƙungiyar ASCAP a birnin New York a 1914. Daga nan ya kai ƙarar wani gidan abinci mai suna Shanley, saboda ana rera waƙarsa a can ba da izininsa ba. Masu gidan suka ce ai ba su karɓi kuɗin shiga ba, ƙananan kotuna kuma suka ba su gaskiya. Amma a 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa kiɗan yana cikin abin da mai cin abinci yake biya, don haka dole a biya mai shi.

Tsarin da ya biyo baya shi ne, mai wuri ya sayi lasisi daga ƙungiya, ita kuma ta tara kuɗin ta raba wa 'ya'yanta. ASCAP ta fara rabon kuɗi a 1921.

Rasuwarsa

Herbert ya rasu a New York a watan Mayun 1924.

Kammalawa

A nan Nijeriya akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, akwai kuma ƙungiyar MCSN mai karɓar irin wannan kuɗi. Ya kamata mu ɗaliban Hausa mu tambayi kanmu: idan aka rera waƙar marigayi Dakta Mamman Shata a wani ɗakin taro a Gombe, mai ɗakin ya sami riba, mene ne rabon magadansa?