Jak Kusto: Gwanin Nutson da Ya Iya Riƙe Gwanaye

Gabatarwa

Ni ɗan unguwar Dogo Nini ne a Potiskum, garin da ke nesa ƙwarai da teku. Saboda haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ni da tarihin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin ruwa? Dalilina shi ne, na lura duk ƙungiyar da aka kafa, ko ta ɗalibai ce ko ta 'yan wasa ko ta masu sana'a, matsalarta guda ce: jawo sabon shiga ba wuya, amma samun ƙwararre ya shigo kuma ya zauna shi ne aiki. Jak Kusto, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Jacques-Yves Cousteau, ya shahara a kan ƙirƙiro na'urar numfashi a cikin ruwa da kuma shirya finafinai. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya nemo mutanen da suka fi shi iya nutso, ya kuma riƙe su shekara da shekaru.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Kusto ranar 11 ga Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Bordeaux a ƙasar Faransa. Ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa a 1930. Burinsa a lokacin shi ne ya zama matuƙin jirgin sama, sai dai wani mummunan hatsarin mota da ya yi ya karya masa hannuwa, ya raba shi da wannan buri. Domin hannuwan su ƙara ƙarfi, ya riƙa yin iyo a Bahar Rum, kusa da Toulon inda yake aiki. A nan ne a 1936 wani abokin aikinsa, Philippe Tailliez, ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Abin da ya gani a ƙasan teku ya sauya masa alƙibla har ƙarshen rayuwarsa. A 1937 ya auri Simone Melchior, wadda za mu ga muhimmancinta nan gaba.

Abokan Farko

Tailliez ne ya haɗa shi da Frédéric Dumas, wani farar hula wanda ya yi fice wajen kamun kifi da mashi a cikin ruwa, da numfashinsa kawai, kamar yadda Sarkawanmu na Argungu da Yawuri ke nutso ba da wata na'ura ba. Dumas ya fi Kusto daɗewa a ruwa, ya fi shi sanin halin kifi. Wani shugaban da kishi zai kama shi, ya nemi danne irin wannan mutum. Kusto kuwa sai ya riƙe kyamara, ya sa Dumas a gaba. A fim ɗinsu na farko na 1942, Dumas ne tauraron da ake kallo.

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu, surukin Kusto ya haɗa shi da wani injiniya mai suna Émile Gagnan, wanda ya ƙera wata 'yar na'ura ta daidaita gas ga motoci saboda ƙarancin fetur. Su biyun suka gyara ta yadda za ta riƙa sakin iska daga tukunyar da mai nutso ya goya, daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Wannan ita ce na'urar da za mu iya kira huhun ruwa. An gwada ta a teku a 1943, kuma a watan Oktoba na shekarar Dumas ya nutsa da ita zurfin mita 62.

Darasin da Aka Saya da Rai

A 1945 rundunar sojan ruwan Faransa ta kafa rukunin binciken ƙarƙashin teku a Toulon, Tailliez na shugabanta. Daga cikin ayyukansu har da kwashe nakiyoyin da yaƙi ya bari. Shekaru biyu da suka biyo baya sun zo musu da jarrabawa. A 1946 saura ƙiris Kusto da Dumas su halaka a wani kogon ruwa na Vaucluse. Da aka bincika sai aka gano injin da ke cika musu tukwane yana zuƙar hayaƙin kansa, wato iska mai guba suka yi ta shaƙa. A 1947 kuma abokinsu Maurice Fargues ya rasu bayan ya kai zurfin mita 120. A irin wannan zurfi iskar da mutum ke shaƙa kan bugar da shi kamar maye, har ya manta da abin da ya kamata ya yi. Daga nan suka yanke cewa kimanin mita 90 ne iyakar mai nutso da iskar yau da kullum. A ganina wannan ma yana cikin abin da ke zaunar da ƙwararre. Wanda ya san haɗarin sana'arsa ba zai daɗe tare da shugaban da ke wasa da ran mutane don neman suna ba.

Jirgin Calypso

A 1950 wani attajiri ɗan Birtaniya, Loel Guinness, ya sayi wani tsohon jirgin share nakiyoyi da ke jigila a Malta, ya ba Kusto haya a kan faran ɗaya kacal a shekara. Wannan jirgi, Calypso, shi ya zama gidansu da ofishinsu da makarantarsu. A 1952, suna haƙo kayan wani tsohon jirgi da ya nutse tun kafin haihuwar Annabi Isa kusa da Marseille, wani matashin gwanin nutso ɗan garin, Albert Falco, ya zo taimako a matsayin ɗan sa kai. Kusto ya ga aikinsa, ya ɗauke shi. Falco ya zama matuƙin ƙaramin jirginsu na ƙarƙashin ruwa, ya zama shugaban masu nutso, daga bisani ya zama kyaftin ɗin Calypso. Bai bar aikin ba sai a 1990.

Me ya zaunar da mutane irin su Falco? Na farko, an ba su aikin da ya kai girman iliminsu. A 1962 Falco da Claude Wesly suka kwana bakwai a wani ɗakin ƙarfe a zurfin mita 10 kusa da Marseille. A 1963 aka kafa ɗan ƙauye a ƙasan Bahar Maliya, arewa da Fot Sudan, garin da alhazanmu masu tafiya ta ƙasa suka sani a hanyarsu ta zuwa Jidda, inda mutanensa suka yi wata guda. A 1965 mutum shida suka yi mako uku a zurfin mita 100.

Na biyu, ba a ɓoye sunansu ba. Littafin da ya fito a 1953, wanda za a iya fassara sunansa da Duniyar Shiru, yana ɗauke da sunan Dumas tare da na Kusto. Fim mai wannan suna ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956 da kyautar Oscar a 1957, kuma duniya ta ga fuskokin ma'aikatan jirgin.

Na uku, akwai Simone. Ta fi mijinta daɗewa a cikin jirgin. Ita ce mai jinyar marar lafiya, mai sasanta rigima, mai sauraron koke, har ma'aikata suka laƙaba mata sunan da ke nufin makiyayiya.

Kusto bai tsaya ga jirginsa ba. A 1959 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nutso ta duniya, CMAS, a Monako, aka zaɓe shi shugabanta na farko. Wannan ƙungiya ta tsara matakan shaidar ƙwarewa, ta yadda gwanin da ya koma wata ƙasa zai iya shiga sabon kulob ba tare da an mayar da shi ɗan koyo ba.

Rauninsa da Rasuwarsa

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A fim ɗin 1956 an nuna mutanensa suna fasa nakiya a ruwa don ƙirga kifi, suna kuma kashe manyan kifaye, abin da ya jawo masa suka daga baya. Shi kansa ya sauya, ya yi adawa da zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum a 1960, ya kuma kafa ƙungiyar kare teku mai sunansa a 1973. Ƙarshen rayuwarsa ya zo da rashe-rashe. Ɗansa Philippe, wanda ake sa ran zai gaje shi, ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Lisbon a 1979. Simone ta rasu a 1990. A 1995 ya kai babban ɗansa Jean-Michel kotu a kan amfani da sunan gidan a wani wurin shaƙatawa a tsibirin Fiji. Abin tausayi ne a ce mutumin da ya riƙe bare kusan shekara arba'in ya kasa daidaitawa da ɗan cikinsa sai a gaban alƙali. Calypso ya nutse a tashar Singafo a watan Janairun 1996, shi kuma Kusto ya rasu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Kammalawa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sunan Kusto aka fi sani, amma Dumas da Falco da sauransu ne suka yi yawancin nutson. Abin da na tsinta a tarihinsa shi ne, ƙwararre ba ya zama don takardar rajista ko kati. Yana zama ne idan an ba shi aiki mai nauyi, an ambaci sunansa a inda ya dace, an kula da lafiyarsa, an kuma ɗauke shi ɗan gida. Shugabannin ƙungiyoyinmu da ke kukan manyan ɗalibai ba sa zuwa taro, ya kamata su duba wanne daga cikin waɗannan huɗu suka bari.