Stover Kulp, Baƙon Da Ya Binne Iyalinsa A Garkida

Mutanen Biu da Lassa da Chibok da ke neman abinci a Ikko da sauran garuruwan Kudu, da yawansu sun san majami'ar EYN ta Wulari a Maiduguri. Amma ba kowa ne ya san mutumin da ya dasa tushen wannan ikilisiya ba, watau Harold Stover Kulp.

An haifi Kulp a jihar Pennsylvania ta Amurka cikin 1894. Ya yi karatu a kwalejin Juniata, ya kuma zama fasto a ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda aka sani da ƙin yaƙi da zaman tawali'u. A ƙarshen 1922 ya sauka Ikko tare da abokin aikinsa Albert Helser, suka nufi Arewa. A lokacin Turawan mulki ba su son 'yan mishan su zauna a ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda haka sai da suka sha wuya kafin su sami wurin zama a Garkida, cikin ƙasar Bura, ba nisa da Biu. Ran 17 ga watan Maris 1923 suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya.

Murna ba ta daɗe ba. Matarsa Ruth ta iske shi can, cikin 1924 kuwa ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Kulp yana da shekara kusan 30, ga shi baƙo, ba dangi kusa, babu ko mutum guda da aka yi wa baftisma tukuna. Da wani ne, sai ya tattara kayansa ya koma gida, ba kuwa mai ganin laifinsa. Shi kam ya binne su a Garkida ya ci gaba da aiki. Asibitin da aka gina a garin sunan matar nan aka sa masa.

To, mene ne ya riƙe shi? Kirista sun gaskata cewa duniya masauki ce, gidansu na ainihi yana sama wurin Allah, inda babu mutuwa, babu kuka, kuma waɗanda suka mutu cikin bangaskiya za su tashi. Wannan shi suke kira bege. Mai irin wannan bege ba ya ɗaukar kabari ƙarshen magana, don haka binne nasa a baƙuwar ƙasa bai zama masa hasarar da za ta kore shi ba.

Sai dai begen sama bai sa ya naɗe hannu ba. A koyarwar 'Yan'uwa, tsarki ba gudun mutane ba ne. Ma'anarsa mutum ya keɓe kansa ga Allah, a kuma ga alamar haka cikin gaskiyarsa da haƙurinsa da hidimar da yake yi wa marasa ƙarfi. Shi ya sa suke durƙusawa su wanke wa juna ƙafafu. Kulp ya koyi Bura, ya sa hannu a juya Littafi Mai Tsarki cikin harshen, daga baya ya buɗe aiki a Lassa cikin Margi. Mishan ɗin ya kafa makarantu da asibitoci da mazaunin kutare, mutanen da jama'a ke ƙyama a wancan zamani. Baftisma ta farko ma sai 1927 aka yi ta.

Matarsa ta biyu, Christina, ta rasu a 1952. Shi kuwa ya koma Amurka a 1963 bayan shekara 40 yana aiki, ya rasu a 1964. Makarantar koyar da fastoci ta Kwarhi kusa da Mubi tana ɗauke da sunansa.

Bayan rasuwarsa ne 'ya'yan ikilisiyar da suka je Maiduguri aiki suka kafa majami'arsu can. An ƙone ta Wulari a rikicin Boko Haram na 2009, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan EYN ne. Duk da haka shugabannin ikilisiyar sun yi ta hana mutanensu ramuwa, suka sāke gina majami'ar, suka riƙe koyarwar zaman lafiya da Kulp ya zo da ita gindin tsamiyar nan ta Garkida.