Paul Bert, likitan da ya auna amfanin iskar oksijin da haɗarinta

Matar da ta tashi daga Garwa, ta bi mota zuwa Ngaundere, ta kwana a jirgin ƙasa har Yawunde, ta ƙarasa Babban Asibitin Duwala don a yi mata gashin kansar mama, wani lokaci ba a nan wahalarta ke ƙarewa ba. Hasken da ke kashe ƙwayoyin kansa yana taɓa ƙananan hanyoyin jini na wurin. Bayan watanni, ko ma shekaru, fata kan yi tauri, wurin ya riƙa ciwo, miki ya ƙi warkewa saboda jini ba ya kai masa isasshiyar iska. Ɗaya daga cikin hanyoyin da manyan asibitoci ke bi shi ne a sa mara lafiya cikin wani rufaffen ɗakin ƙarfe, a ƙara matsin iska ya ninka na waje sau 2 zuwa 2.5, ta shaƙi tsantsar oksijin kamar awa ɗaya da rabi, sau 30 zuwa 40 a cikin makonni. Harsashin wannan ilimi wani Bafaranshe ne ya aza shi, mai suna Paul Bert.

An haife shi a garin Auxerre a watan Oktoban 1833. Ya fara da karatun shari'a, daga baya ya koma likitanci, ya zama almajirin shahararren masanin aikin jiki Claude Bernard a Paris. A 1863 ya sami digirin likita da bincike kan dashen nama tsakanin dabbobi, inda ya ɗinke beraye biyu har jininsu ya gauraya. Ya koyar a Bordeaux, sannan a 1869 ya sami kujerar farfesa a Sorbonne.

Abin da ya ci masa shekaru shi ne tambaya ɗaya: me ke faruwa da jikin mutum idan matsin iska ya ragu ko ya ƙaru? Ya sa an ƙera masa ɗakunan ƙarfe, ya gwada tsuntsaye da karnuka, shi da kansa ma ya shiga. Ya nuna cewa jirin da ke kama masu hawan tsaunuka ƙarancin oksijin ne, kuma shaƙar oksijin na kawar da shi. Ya nuna cewa ciwon da ke naƙasa masu nutso cikin teku kumfar iskar naitirojin ce da ke tasowa a jini idan an yi saurin fito da su.

A ranar 15 ga Afrilun 1875 ilimin nasa ya gamu da musiba. Mutum uku suka tashi daga Paris a cikin balan-balan mai suna Zénith, da jakunkunan oksijin bisa koyarwarsa. Bert ya lissafa ya ga iskar ba za ta ishe su ba, ya aika musu da wasiƙar gargaɗi, amma ba ta hana tafiyar ba. Sun haura mita 8,000, hannayensu suka mutu kafin su kai bututun bakinsu. Crocé-Spinelli da Sivel suka rasu, Gaston Tissandier kaɗai ya sauko da rai.

Binciken da ya fi shafar majinyata a yau shi ne wanda ya ba kowa mamaki: iskar da ke rayarwa tana iya zama guba. Da ya sa ƙananan tsuntsaye cikin matsi mai tsanani, sai suka kama jijjiga kamar masu farfaɗiya, suka mutu. Har yanzu likitoci da sunansa suke kiran wannan jijjiga. Shi ya sa ba a wuce ƙa'idar matsi, kuma ake cire wa mara lafiya abin shaƙar na 'yan mintoci a tsakiyar zama ta huta. Duk wannan ya tattara shi a littafinsa La Pression barométrique na 1878, mai shafi fiye da 1,000. Amfani da hanyar wajen jinyar lahanin gashi sai bayan kusan ƙarni guda ya zo, kuma ba sha yanzu magani yanzu ba ce. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka buga a 2024, ya ga raguwar taurin fata, amma mata da yawa sun ƙi shiga saboda yawan zirga-zirgar, balle ga wadda ke da nisan Garwa.

Bert ɗan siyasa ne kuma. Ya shiga majalisa a 1872, ya ja gaba wajen dokar 1879 da ta tilasta buɗe makarantun horar da malamai mata, ya riƙe ma'aikatar ilimi daga Nuwamban 1881 zuwa Janairun 1882 a gwamnatin Gambetta. A nan ne tarihinsa ke da ɗaci ga duk wanda ya tashi a ƙasar da Faransa ta mulka. Littattafan kimiyya da ya rubuta wa 'yan firamare sun jera bil'adama hawa-hawa, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa, kuma an yi ta sake buga su shekara da shekaru. Mutumin da ba ya yarda da magana kan iska sai ya auna, bai nemi awo ba da ya zo kan mutane.

A farkon 1886 aka naɗa shi babban wakilin Faransa a Annam da Tonkin, wato tsakiya da arewacin Vietnam ta yau. Bai cika shekara ba ciwon ciki ya kama shi, ya rasu a Hanoi ranar 11 ga Nuwamban 1886, yana da shekara 53. Turawan mulki sun kafa masa mutum-mutumi a birnin, suka sa wa babban titi sunansa. A 1945 aka tumɓuke mutum-mutumin, titin kuma yanzu Trang Tien ake kiransa.