Malam Abdullahi Mai Boɗinga

Ni mutumin Shagari ne, kuma duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega ya san ba a isa garinmu sai an ratsa Boɗinga. Shekara ta biyar ke nan ina bin wannan hanya, sau shida kowace shekara, uku zuwa makaranta, uku komawa hutu. Amma in faɗa muku gaskiya, iyakar abin da na sani game da Boɗinga shi ne nan direba yakan tsaya ya sauke wasu ya ɗauki wasu, mu kuma mu leƙa ta taga mu sayi ƙosai.

A ƙarshen zango na biyu na bana ajinmu ya tara kuɗi don liyafar da aka saba yi kafin hutu, ta shinkafa da nama da lemo. Sai malaminmu na tarihi ya kawo shawara a sayi mai da kuɗin, a zuba wa motar makaranta, mu tafi Sifawa da Boɗinga. Aka yi ta gunaguni, kuma ina cikin manyan masu gunagunin, don ban ga dalilin da zai sa in bar nama in tafi kallon garin da na ratsa sau ashirin da wani abu ba. Monita ya sa aka ɗaga hannu, masu son tafiya suka rinjaye mu da mutum uku. Ranar Asabar da sassafe muka tashi. A Sifawa wani dattijo ya zaga da mu inda Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna. Da muka isa Boɗinga malam ya zaunar da mu a inuwa, ya shafe kusan awa biyu yana ba mu labarin mutumin da har yau ake kira Mai Boɗinga. Abin da na rubuta a littafina ran nan, da wanda na ƙaro a laburare bayan mun dawo, shi ne na kawo muku.

An haifi Abdullahi a ƙasar Gobir a wajen 1766, wato wansa Shehu Usmanu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. Mahaifinsu Muhammadu Fodiyo malami ne cikin Fulani Toronkawa, sunan mahaifiyarsu Hauwa'u. A hannun mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara goma sha uku aka danƙa shi ga wansa, wato kusan shekarun da mu ma aka ɗauko mu daga gida aka kawo mu makarantar kwana. A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Ahalari da Ishimawi da Risala da Ajurumiya, littattafan da har yanzu su ne ake karantawa a zaurukan garuruwanmu. Bai tsaya nan ba. Ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya, galibinsu baffanninsa ne da kawunnansa. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma ɗauki ilimi a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu ya yi karatu a gabansa. Nahawu da waƙar Larabci su ne suka fi shiga ransa, har ya zama in ana bukatar amsa cikin baiti shi ake nema.

Akwai misalin haka da ya kamata 'yan'uwanmu mata su sani. Lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, cikin shekarun 1780, Abdullahi yana tare da shi. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da waƙa yana sukar Shehu saboda mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya ce Abdullahi ne ya fi cancanta ya ba da amsa. Ya mayar da waƙa a kan irin ma'aunin da aka aiko, ya nuna cewa ba su yarda da cakuɗuwar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilci, ba su san abin da addini ya wajabta musu ba, shi ne ya fi muni. A lokacin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Maganar jihadi kuwa duk mun haddace ta don jarrabawa, ba sai na tsawaita ba. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Da aka tashi yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto, inda aka kori Sarkin Gobir Yunfa, kuma a 1805 shi ya ci Birnin Kebbi. To, amma ba kullum ake nasara ba. A Tsuntsuwa da Alwasa an yi wa jama'a ɓarna mai yawa, malamai da mahaddata Alƙur'ani da dama suka kwanta dama, cikinsu har da abokan karatunsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa ji a aji ba. A shekara ta huɗu bayan hijira, runduna ta ɗaura niyyar zuwa Alƙalawa, babban birnin Gobir. Abdullahi ya duba mutanen da suka rage tare da shi, ya ga da yawa hankalinsu ya koma kan dukiya da muƙami da dawakai da manyan riguna, ana ta jayayya a kan abin duniya. Abin mamaki, bai tsame kansa daga cikin laifin ba, ya ma ɗauki kansa a matsayin wanda ya fi su lalacewa. Sai ya bar rundunar, ya ɗauki abokai biyar, ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sun kwana uku cikin daji ba su ga mutum ko sawun mutum ba, sai sawun giwaye. Ku duba fa, wannan wazirin Shehu ne, wanda ya ci Kwatto, ga shi a daji da mutum biyar.

Bai wuce Kano ba. A zamanin Sarki Sulaimanu ne, mutanen Kano suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tsai da shari'a. Da farko ya ƙi, ya gaya musu abin da ya gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya gudo wa. Da suka matsa sai ya haƙura. Ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkami a kan yadda shugaba da alƙali za su riƙe jama'a, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. An ce har gangunan kiɗa aka mayar komayen da dawaki ke cin abinci a ciki. Daga nan ya juyo gida. Makkan da ya nufa Allah bai nufe shi da ganinta ba.

A nan ne gardama ta tashi tsakaninmu a cikin mota da muna dawowa. Wani abokina, kyaftin ɗin ƙwallon gidanmu, ya kafe a kan cewa jagora ba ya barin mutanensa ana shirin yaƙi, ko me suka yi. Ni kuwa ina ganin mutumin da ya riga ya tsaya a Kwatto da Alwasa ba tsoro ne ya kore shi ba. Ya ga abin da aka fito gyarawa yana neman dawowa ta hannun masu gyaran ne. Malam ya ƙi raba mana gardama, sai dariya yake yi. Har yau ni da abokin nan ba mu daidaita ba.

An ci Alƙalawa a 1808. Ba a daɗe ba Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, shi kuwa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da wansa. A 1812 Shehu ya raba aikin mulki biyu, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, wato wajen Kebbi da Yawuri da Nufe da Gurma. Da wani ne, da sai ya shiga gina fada da tara barori. Shi kuwa shekarun nan na Boɗinga su ne ya fi yin rubutu a cikinsu. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusuhi, ɗan ƙaramin littafi wanda ya jera malamansa a ciki, kowanne da sunansa da littafin da ya karanta a wurinsa. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da bayanin dalilin yin kowace, ya sa wa littafin suna Tazyinul Waraƙati. Daga cikinsa ne masu tarihi suka samo yawancin labarin da na bayar a sama, kuma wani Bature mai suna Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1963. Bayan waɗannan ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. Daga baya da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya taƙaita shi ya fitar da Kifayatu Du'afa'is Sudan. Wannan ya burge ni ƙwarai, don ba kowane mai ilimi ne yake tunawa da na bayan aji ba. In aka haɗa duka, abin da ya rubuta ya fi littafi ɗari.

Kada a zaci kullum bakinsa ɗaya da Shehu. Sun saɓa a kan wasu mas'aloli, kamar kiran shugaba da sunan sarki, da kaɗa tambura, da sa tufafin alfarma. Abdullahi ya tsananta, Shehu ya sassauta. Ga su tsakanin Sifawa da Boɗinga, tafiyar da ba ta kai a ɗaura wa doki guzuri ba, amma sai kowa ya zauna ya rubuta hujjarsa a littafi. Duk da haka Shehu ya hori almajiransa su riƙa karanta littattafan ƙanensa, saboda tsayawarsa a kan shari'a yadda take.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, ya rasu can a watan Afrilu na 1817. Abdullahi yana Boɗinga labari ya iske shi. Ya hau ya nufi Sakkwato, tafiyar da mota take yi yanzu cikin kamar rabin awa. Kafin ya isa an riga an yi wa Bello mubaya'a, kuma masu tarihi sun ce ya tarar an rufe ƙofar gari. Ku tuna shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a a Gudu, shi ne baffan Bello, kuma yana cikin malaman da suka karantar da shi. Yana da jama'a da dawaki, rabin ƙasa yana hannunsa. Bai ja daga ba. Ya juya, daga bisani ya tattara ya koma Gwandu. Ba zan ce abin bai yi masa zafi ba, don shekaru suka shuɗe ba su haɗu da Bello ba.

Abin da ya haɗa su shi ne tawayen Kalambaina. Ba Kalambainar kamfanin siminti ba, kamar yadda rabin ajinmu suka zata, wata ce kusa da Gwandu. Bayan an murƙushe tawayen Abdussalami a Kware a 1818, sauran mutanensa suka taru can suka gagari Abdullahi. Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Da suka haɗu bayan yaƙi, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga ranar rigima ta mutu, Sakkwato da Gwandu suka zauna lafiya da juna.

Sauran kwanakinsa ya bar yawancin harkar mulki da yaƙi a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, mai Tambuwal, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a ƙarshen shekarun 1820, can kuma hubbarensa yake. Allah Ya jiƙansa da rahama. Gwandu ta faɗa cikin Jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, sarakunan Gwandu zuriyarsa ne, kuma babban laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa aka sa masa.

Da na je hutu na ba babana wannan labari. Ya ce ai mu mutanen Shagari bai kamata mu yi mamakin malami ya riƙe ƙasa ba, tun da marigayi Alhaji Shehu Shagari ya daɗe yana riƙe da alli a Sakkwato da Argungu kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Da dare na ɗauko takarda na ce bari in gwada abin da Mai Boɗinga ya yi, in jera duk wanda ya taɓa koya mini wani abu, tun daga makarantar allo. Na samu mutum ashirin da shida. Biyu daga ciki na tuna fuskarsu sarai amma sunan ya ɓace mini, ɗaya malamar da ta koya mana haɗa baƙi a aji biyu na firamare, ɗaya kuma gardin da yake wanke mini allo. Babana ya tuna sunan gardin. Malamar kuwa an ce aure ya kai ta wajen Yabo, innata ta yi alkawarin tambayo mini kafin hutu mai zuwa.