Waziri Ahmadu Mai Shahada: Basaraken Kano Da Ya Kwanta Dama A Kwatarkwashi

Matafiyin da ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara. A wannan yanki ne rundunar Kano ta yi arangamarta ta ƙarshe da Turawan mulkin mallaka a 1903, kuma a nan jagoranta, Waziri Ahmadu, ya gamu da ajalinsa.

Ahmadu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, jika ga Ibrahim Dabo wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano a 1819. Ya yi rayuwarsa a zamanin da gidan Dabo ya rabu biyu. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Abdullahi suka ƙi mubaya'a, suka fice zuwa Takai bisa jagorancin Yusufu. Wannan shi ne mafarin Yaƙin Basasa. Bayan rasuwar Yusufu, Alu ya karɓi ragama, ya shiga birnin Kano a 1894, ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu Waziri. Shekarun da suka biyo baya ba na hutu ba ne, domin Kano ta yi ta fama da Damagaram daga arewa da Ningi daga kudu, ga kuma labarin Nasara yana ƙara matsowa.

A farkon 1903 Sarki Alu yana Sakkwato tare da Waziri da manyan hakimansa, sun je mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Suna can Kanar Morland ya taso daga Zariya, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Labari ya iske su a hanyar dawowa, a ƙasar Zamfara. Cikin dare Sarki Alu ya rabu da rundunar ya yi arewa. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Gari ya waye jama'a ba sarki, shawara ta rabu. Wambai Abbas ya ga cewa sulhu ne zai tsirar da rayuka, ya ja nasa ɓangaren zuwa Kano, inda Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi miƙa wuya. A ƙarshen watan Fabrairu mutanensa suka yi kiciɓis da wani ayarin sojan doki da Laftanar Wallace Wright yake jagoranta. A ƙidayar Turawa, Wright yana da hafsa ɗaya da soja 44, Kanawa kuwa mahaya 1,000 ne da dakaru 2,000. Sojan suka dunƙule kusurwa huɗu suna ɓarin wuta, barade suna kawo sukuwa da takobi da mashi, ana haka har tsawon sa'a biyu. Waziri ya faɗi a fagen tare da wasu manyan Kano. Tun daga ranar Kanawa suke kiransa Mai Shahada.

Abin da ya biyo bayan daga shi ne bambancin da ya fi ciwo. Rundunonin Turawa sukan fita da likitan soja da akwatin magani, suna rubuta adadin waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka mutu. Baraden Kano kuwa suna nesa da gida, abin dogaronsu wanzami da mai ɗori da jinƙan mutanen ƙauye. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi shahada a fagen fama ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake rufe shi. Wright ya samu lambar Victoria Cross, sunansa ya shiga kundin gwamnati. Mutanen Waziri kuwa bakin jama'a ne ya riƙe labarinsu.

Makonni kaɗan bayan haka Sakkwato ta faɗi, ranar 15 ga Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, ana ziyartar kabarinsa da na Manjo Marsh, hafsan Turawan da ya mutu a wannan yaƙi. Fagen Kwatarkwashi ma ya cancanci irin wannan kulawa. Nauyi ne a kan masarautun Kano da Kwatarkwashi da masana tarihi na jami'o'inmu su zauna da dattawan yankin, su rubuta abin da suka gada daga iyaye, su shata makwancin waɗanda suka faɗi tun kafin noma da gine-gine su shafe shi. Allah Ya jiƙan Waziri Ahmadu da waɗanda suka kwanta tare da shi.