Tiberiyas Girakus, Wakilin Talakawan Rum

Ina so in ba masu karatu tarihin wani mutumin birnin Rum da ya rasa ransa saboda wata doka da talakawa suka jefa wa ƙuri'a. Sunansa Tiberiyas Girakus.

An haife shi wajen shekara ta 163 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ɗan babban gida ne, don uwarsa Koneliya 'yar Sikifiyo ce, jarumin nan da ya ci Hanibal da yaƙi. Tun yana saurayi ya yi aikin soja a Kartej da kuma Sifen. A cikin tafiye-tafiyensa ya ga yadda attajirai suka mamaye filayen gwamnati, bayi suna yi musu noma, talakawa kuwa ba su da ko taƙi.

A shekara ta 133 ya riƙe muƙamin wakilin talakawa. Sai ya kawo doka cewa kada kowa ya riƙe filin gwamnati fiye da kimanin eka 300, a raba wa marasa gona sauran. Ya wuce Majalisar Dattawa, ya kai ta kai tsaye gaban taron jama'a.

Ga yadda ake yin ƙuri'ar. An kasa 'yan ƙasa maza kashi 35, ana kiran kowane kashi ƙabila. Mata da bayi ba su cikin lissafi. Mutum yakan faɗi ra'ayinsa da baki, a ƙirga, abin da mafi yawan 'yan ƙabila suka zaɓa shi ne ƙuri'arta guda ɗaya. In ƙabila 18 suka yarda, doka ta tabbata. Amma kowane wakilin talakawa yana da ikon hana ƙuri'ar.

Da wannan iko wani wakili mai suna Oktabiyas ya tare hanya. Tiberiyas ya sa jama'a suka yi ƙuri'a suka tuɓe shi, abin da ba a taɓa yi ba. Doka ta wuce, aka naɗa mutum uku su raba filaye. Da ya nemi a sake zaɓensa, abokan gaba suka ce sarauta yake so. Wasu dattawa a ƙarƙashin Nasika suka auka masa da kulake, suka kashe shi da magoya bayansa kusan 300, aka jefa gawarsa a kogin Tiber.

A ganina Tiberiyas yana da gaskiya game da gonaki, amma ya yi gaggawa da ya taka al'ada. Laifin dattawa kuwa ya fi nasa nesa ba kusa ba, domin da suka sha kaye a ƙuri'a sai suka ɗauki sanda. Ƙanensa Gayas ma haka ya ƙare a shekara ta 121. Daga nan zub da jini ya zama ruwan dare a siyasar Rum, har jamhuriyar ta rushe. Allah ya kiyashe mu da irin wannan, amin.